Sa'adiya da Ɗakin da Aka Kulle a Barkiya

Ranar da aka kama Surayya, 'yar ƙanwata, kwananta uku da shiga takaba. An ce ta zuba wa mijinta guba a tuwo. Daga Barkiya aka ɗauko ta da mayafin takabar a jikinta, aka bar 'ya'yanta biyu a hannun kakarsu, uwar mamacin. Ni ne kawunta, ni ne babba a gidanmu, kuma ban san abin da zan yi ba. Wadda ta san abin yi ita ce Halimatu Sa'adiya, 'yar maigidana. Labarinta nake so in bayar.

Sunana Jibril. Shekara talatin da ɗaya ina aiki a rumfar Alhaji Sodangi a kasuwar hatsi ta Dutsin-Ma. Da dako na fara, da baya ya ƙi sai na koma ɗinkin buhu da tsaron sito. A gabana aka haifi Sa'adiya, ita ce ta biyar a gidan. Ba zan ce na ga wata alama a tare da ita tana ƙarama ba. Masu cewa sun gani, yanzu suke faɗa. Yarinya ce marar yawan magana. In an aiko ta rumfa da abincin Alhaji, takan zauna kan buhu ta jira ya gama, ta koma da kwanon. Iyakar abin da na riƙe ke nan.

Ta yi digirinta na farko a nan jami'ar garinmu, a fannin sinadarai. Bautar ƙasa ta kai ta wani asibiti a kudu, aka sa ta ɗakin gwaje-gwaje. Ta ce a can akwai wata firji da ake ajiye kwalabe, ragowar abinci da aman mutanen da ake zaton an ba su guba. 'Yan sanda ke kawowa. Wasu kwalaben sun shekara a ciki, don wanda ya iya gwajin sai an aika mashi wani gari mai nisa.

"Kowace kwalba, Baba Jibril," in ji ta, "akwai mutum a tsare yana jiranta."

Da ta dawo aka yi mata aure da Jamaluddeen, malamin makaranta ne ɗan Kurfi. Ta haihu. Jaririn na wata bakwai ta zo rumfa ta ce wa mahaifinta za ta koma digiri na biyu.

"Wannan karon me za a karanta?" in ji Alhaji.

"Kimiyyar binciken laifi, Baba. Forensik ake ce mata."

"'Yar sanda za ki zama?"

"A'a. Su ke kamawa. Mu kuma a kawo mana abin da aka samu a wurin, jini ko gashi ko ragowar abinci, mu gwada, mu faɗa wa alƙali abin da ya nuna."

"To wa ke ɗaukar masu wannan aikin?"

Ta ce 'yan sanda na da ɗakin gwaji, masu yaƙi da ƙwayoyi na da nasu, haka masu duba abinci da magunguna. Akwai manyan asibitoci masu gwajin jini don gane dangantaka. Wasu kuma su koyar a jami'a. Yayanta Munzali na gefe yana auna gero, bai ko ɗago kai ba.

"Wato dai, Alhaji, shekara biyu za ta yi tana shinshinar aman mutane, ta dawo mu riƙa ce mata dakta."

"Kai za a fara kawo mani, Yaya," in ji ta, "ranar da aka kama ka da tiyar da ka bubbuge wa gindi."

Alhaji ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Mijinki ya yarda?"

"Shi ya cike mani fom."

"To ni me ya rage mani? Allah ya sa albarka. Gawa dai ban yarda ki taɓa ba."

"Gawa aikin likita ce, Baba."

Zariya ta tafi. An ce shekara biyu, yajin aiki ya mai da shi uku da rabi. Ran Litinin da safe takan shiga motar haya da goyo, ta dawo ran Alhamis da jakar takardu. Ta koyi ɗaukar shatin yatsu, ta koyi karanta ɗigon jini a bango, ta koyi dokar shaida, da yadda ake rufe abu a leda a sa hannu don kada a ce an canza shi a hanya. Amma guba ta zaɓa ta zurfafa a kai. Binciken da ta yi na kammalawa a kan waken kasuwa ne, da irin maganin da muke sa mashi don kada ƙwari su ci.

Nan ta addabe ni. Duk mako sai ta zo da 'yan ledoji, a ɗebo mata cikin cokali daga wannan buhu, a ɗebo daga wancan, ta rubuta lamba. Ta tambaye ni komai a kan bom. Haka muke kiran wata ƙwaya mai launin toka da ake ƙullewa a tsumma a cusa tsakiyar buhu. In ta sha iska sai ta riƙa fidda wani hayaƙi da ido ba ya gani, mai warin tafarnuwa, ya kashe duk ƙwaron da ke ciki. Bayan 'yan kwanaki sai ka tarar da gari kawai a tsumman. Ta tambaye ni guda nawa nake sawa, da me nake rufewa, a ina nake kwanciyar rana in na sa. Na ce a bakin sito. Ta ce in daina. Na ce to, ban daina ba.

Ta gama, aka ba ta takarda. Ta nemi aiki duk wuraren da ta lissafa wa Alhaji. Sau biyu aka kira ta Abuja, ta je ta zauna jarrabawa ta dawo, shiru. A cikin 'yan ajinsu goma sha huɗu, biyu dama 'yan sanda ne, suka koma bakin aikinsu da ƙarin girma. Ɗaya ta samu wani ɗakin gwaji na gwamnati. Ɗaya ya fita waje. Sauran kowa ya kama abin da ya samu. Sa'adiya ta kama koyar da sinadarai a wata sakandare mai zaman kanta nan Dutsin-Ma. Munzali ya ci gaba da kiranta dakta in ta zo wucewa. Ni ban taya shi ba, amma a raina na ɗauka karatun ya tafi a banza. Na ga masu takardu da yawa a kasuwar nan suna neman wanda zai ba su tsaron shago.

Haka ake har farkon daminar bara waccan.

Mijin Surayya, Ummaru, manomi ne a Barkiya, yana noma gero da dawa da wake. Ran wata Alhamis Surayya ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta rufe mashi nashi, ta ɗauki 'ya'yanta ta tafi Kurfi kwanan suna, ƙanwarta ce ta haihu. Da safe aka tarar da Ummaru a bakin ƙofar ɗakinsa yana amai, yana dafe ƙirji, numfashi na ƙin shiga. Aka kai shi asibiti. Bai kai azahar ba. Da la'asar aka rufe shi.

Tun kafin a dawo daga maƙabarta magana ta fara yawo a cikin gida. Me ya ci? Tuwo. Wa ta tuƙa? Surayya. Ita ta ci? Ba ta ci ba, ta ce a gidan suna za ta ci. Kuma ta kwashe 'ya'yanta. Kuma makon da ya wuce an ji su suna faɗa a kan wata akuya. Inno, uwar Ummaru, ta haɗa waɗannan ta riƙe.

Sai ƙanwata Nana, uwar Surayya, ta yi abin da ya ƙarasa mu. Ta zo zaman makoki, ta ji raɗe-raɗin, tsoro ya kama ta. Ta shiga madafa ta ɗauki tukunyar da sauran tuwon a ciki, da kwanon da Ummaru ya ci ya rage, ta juye duka a masai, ta goge tukunyar da toka da yashi har tana ƙyalli. Inno na tsaye tana kallonta.

Da na tambaye ta dalili, tana kuka ta ce, "Yaya, cewa na yi in babu tuwon babu maganar."

Kwana uku aka zo aka tafi da Surayya. Na je na gan ta a ofishin 'yan sanda. Ba ta ce mani ba ita ba ce, ba ta yi rantsuwa ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Kawu, takabar da ake yi a nan tana karɓuwa?"

Na je wurin masu faɗa a ji guda uku. Kowa ya ce in kwantar da hankalina, zai yi magana. Babu wanda ya tashi daga kujerarsa.

Ran kwana bakwai da rasuwar, Sa'adiya ta zo rumfa daga makaranta, da alli a hannun hijabinta. Alhaji ne ya gaya mata. Ta zauna kan buhu ta ce in ba ta labari daga farko, kada in tsallake komai. Da na zo kan tukunyar sai ta rufe ido.

"Da an bar tukunyar nan, Baba Jibril, da ita za ta fidda ta."

"An riga an wanke."

"Likita ya duba gawar?"

"An rufe shi ran nan."

"Ɗakin da ya kwana fa? An share?"

"Inno ta kulle shi tun ranar. Makullin na ƙulle a haɓar zanenta. Ta ce ba mai shiga sai ran rabon gado, kada dangin Surayya su ɗauki wani abu."

"Alhamdu lillahi," in ji ta.

Na dube ta. Na ce, "Kin taɓa yin irin wannan aikin?"

"Ban taɓa ba. A aji kawai."

"To."

"Ba zan yi maka alkawari ba. Kuma ka sani tun yanzu, in na ga abin da ya nuna ita ta yi, zan faɗa."

Maganar ta yi mani zafi. Amma a kwanakin nan ita kaɗai ce ba ta ce in kwantar da hankalina ba, don haka na ce mu je.

Ran Asabar mijinta ya kai mu Barkiya. Mu maza muka tsaya a ƙofar gida, aka shimfiɗa mana tabarma, aka amsa gaisuwata da ƙyar. Sa'adiya ta shiga cikin gida a matsayin mai ta'aziyya. Abin da ya faru a ciki ita ta gaya mani daga baya. Ta gaida Inno, ta zauna cikin mata, ba ta tambayi kowa komai ba. Inno da kanta ta kwance wani ƙyalle ta nuna wa matan zoben azurfar Ummaru, wanda aka cire wurin wankan gawa. Ya yi baƙi ƙirin. Duk wadda ta zo sai ta nuna mata. Tana cewa, "Ku dubi ƙarfin abin da aka ba shi, har zobensa ya ci." Sa'adiya ta duba ba ta taɓa ba. Da za ta fito ta bi ta gaban ɗakin da ke kulle, ta tsaya kamar tana gyara takalmi, ta ji wani ɗan wari yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Ta fito ta kira ni gefe.

"Baba Jibril, a ina Ummaru ke ajiye wakensa?"

"A rumbu mana. Ga shi can bayan gida."

Wani dattijo maƙwabcinsu da ke kusa ya ce, "Wane rumbu? Tun bara da ɓarayi suka kwashe rumbunan bakin gari, kowa ya maida hatsinsa cikin ɗaki. Wancan ba komai a ciki sai kaji."

Na zauna a ƙasa. Mako biyu kafin rasuwarsa Ummaru ya zo kasuwa, ya biyo ta rumfa ya gaishe ni, ya ce ƙwari sun fara shigar mashi wake, kuma so yake ya riƙe shi sai tsakiyar damina. Ina ɗinki, ban ko aje allura ba, na ce, "Sa mashi bom." Ban tambaye shi inda waken yake ba. Na ɗauka yana rumbu, kamar kullum.

Na gaya mata. Na ce a ba ni gatari in fasa ƙofar yanzu kowa ya gani.

"In muka buɗe mu kaɗai, gobe a ce mu muka zuba," in ji ta. "Kai kawunta ne, ni kuma kai ka kawo ni. Ba mai taɓa ƙofar nan sai da hukuma."

Daga nan muka wuce wurin ɗan sandan da ke riƙe da maganar, Sufeto Zaharaddin. Mutum ne gajere, da alamar bai samu barci ba, takardu sun cika mashi tebur. Ya saurare ta yana juya biro.

"Malama, ke lauya ce?"

"A'a."

"Likita?"

"A'a, ranka ya daɗe." Ta aje mashi takardar digirinta.

Ya karanta, ya ce, "Wannan ba ta ba ki ikon shiga ɗakin kowa ba."

"Na sani. Kai ke da iko. Ni abin da za ka duba kawai zan nuna maka. In ba a samu komai ba, ka yi asarar yini ɗaya."

"Da man mota," in ji shi. Ya ce an taɓa tura su kwas na mako biyu a kan irin wannan, aka koya masu sa safar hannu da rufe leda, aka ba su takarda, tun daga nan bai sake ganin ledar ba. Sa'adiya ta ce tana da ledoji, ragowar na bincikenta. Ya ce Litinin.

Ran Litinin da hantsi muka taru: Sufeto da ɗan sanda ɗaya, mai unguwa, ni da Sa'adiya. Wannan karon aka yi sallama aka ba mata hanya, maza suka shiga. Inno ta tsaya a gaban ƙofar, tsohuwa ce doguwa, idonta ya bushe.

"A gabana za a buɗe ɗakin ɗana don a wanke wadda ta kashe shi?"

Sufeto ya buɗe baki zai yi maganar doka. Sa'adiya ta riga shi, ta durƙusa.

"Inno, in ita ce, a ɗakin nan za a gani. Kuma ni zan rubuta da hannuna, ko da kawunta na tsaye."

Inno ta dube ta. Sannan ta kwance makullin, ta miƙa wa mai unguwa.

Da aka tura ƙofar warin ya fito, na gane shi kafin kowa. Shekara talatin ina shaƙarsa. Sa'adiya ta sa kowa ya ja da baya, aka zare tsumman da aka toshe 'yar tagar da shi, muka koma ƙarƙashin dalbejiya muka jira har bayan azahar. Sannan ta sa safar hannu, ta ba Sufeto nashi, ta ce kada a taka ciki sai an ɗauki hoto daga bakin ƙofa.

Ɗaki ne guda da aka raba da katangar da ba ta kai rufi ba. Gaba gadon Ummaru. Bayan katangar buhunan wake goma sha takwas, a jere, ba tamfol, ba leda. Tsakanin buhun ƙarshe da inda yake aje kansa bai fi kamu uku ba. A ƙasa akwai matattun tsaka guda biyar, da ɓeraye biyu, da kyankyasai birjik. Ta sa aka ɗauki hoton kowanne a inda yake. A ƙarƙashin gado Sufeto ya jawo gwangwanin bom, ba ko ɗaya a ciki. A kan taga akwai rediyon Ummaru. Ta ce a kunna, bai kama ba. Ta ce a buɗe bayansa. Wayoyin ciki, da ya kamata a gan su ja, sun yi baƙi da kore-kore. Ta ce hayaƙin bom haka yake cin jan ƙarfe da azurfa.

Aka kira ni in buɗe buhu, don ni na san ɗinki. Na ce wa Sufeto ya rubuta: an farke bakin buhunan an sake ɗinkewa kwanan nan, zaren sabo ne, ɗinkin kuma na manomi ne, ba na kasuwa ba. Na cusa hannu na fiddo ƙullin tsumma, na sake fiddo wani. Inda nake sa ɗaya, Ummaru ya sa huɗu. Duk sun zama gari. Sa'adiya ta fiddo wata 'yar farar takarda da ta jiƙa da wani ruwa daga ɗakin gwajin makarantarsu, ta sa a tsakiyar wani buhun da ba a buɗe ba, aka jira. Da ta zaro ta, ta yi baƙi. Ta ce alamar hayaƙin bom ke nan.

Inno na bakin ƙofa duk wannan lokacin. Sa'adiya ta ɗauki rediyon da hannu biyu ta kai mata.

"Inno, zoben ya yi baƙi, gaskiyarki. Ga cikin rediyonsa ma ya yi baƙi. Rediyo bai ci tuwo ba. Tsakar nan ma ba su ci ba. Ya sa maganin da yamma, ya kulle ƙofa da taga saboda tsoron ɓarayi, ya kwana yana shaƙa. Da Surayya ta kwana a gida, da ita da yaran duka za a rufe tare da shi."

Inno ta dubi rediyon. Ta ce, "Ke 'yar wa ce?"

"Alhaji Sodangi, na Dutsin-Ma."

"Mai hatsi."

"Shi."

"Ku ke koya wa mutane maganin."

Na ce, "Ni ne, Inno. Ni na ce ya sa. Ban tambaye shi inda waken yake ba."

Ta juyo ta kalle ni, ta shige ɗakinta. Sufeto ya ce in maimaita, ya rubuta, na sa hannu.

Har la'asar sakaliya ana rufe kaya. Gwangwanin a leda, garin tsumman a leda, tsaka a kwalba, rediyon, waken daga buhu shida. Kowace leda Sufeto ya sa hannu, mai unguwa ya dangwala yatsa, ita ta rubuta rana da lokaci. Zoben ne kawai Inno ta hana, Sa'adiya ta ce a bar mata, hoto ya isa. Washegari suka je asibiti, aka samo katin Ummaru. Wanda ya duba shi ya rubuta cewa numfashinsa na warin tafarnuwa.

Na ɗauka a ranar za a saki Surayya. Ba haka ake yi ba. Magana ce ta rai, an riga an kai ta gaban kotu, an wuce da ita gidan yari a Katsina. Dole kayan su je ɗakin gwaji na gwamnati, sakamako ya dawo, lauyoyin gwamnati su duba su ba da shawara.

Sa'adiya ta rubuta rahoto shafi goma sha ɗaya, ta karanta mani da Hausa kafin ta miƙa. A ƙarshensa ta rubuta cewa ba ta gwada gawa ba, ba ta gwada tuwo ba, don haka ba za ta iya rantsuwa a kan abin da ke cikin tuwon ba. Abin da za ta iya cewa shi ne, hayaƙin da ya cika ɗakin ya isa ya kashe mutum, kuma alamun da ke katin asibiti irin nashi ne.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ki rubuta ba ita ba ce, kawai."

"Ban gani ba, Baba Jibril."

"Ke ma kin san ba ita ba ce."

"Na sani a raina. Amma in na rubuta abin da ban gwada ba, lauya zai kama ni a nan, ya ce duk sauran ma haka na ƙaga su. Surayya za ta biya, ba ni ba."

Na tashi na bar ta a zaune. Kwana biyu ban gaishe ta ba.

Sai jira. Duk mako biyu takan nemi izini a makaranta ta shiga mota zuwa Katsina, ta tambayi inda takarda ta tsaya, ta dawo. Wani lokaci a ce mata mai sa hannu ya yi tafiya. Shugaban makarantar ya fara ƙorafi, ta koma yin darussan da ta rasa ran Asabar. Ba wanda ya sa ta, kuma ba sunanta a ko'ina a matsayin ma'aikaciya. Ni kuwa na daina kwanciya a bakin sito. Duk wanda ya tambaye ni maganin ƙwari, sai na fara tambayarsa inda yake kwana.

Sakamako ya dawo, ya yi daidai da abin da ta rubuta. Lauyoyin gwamnati suka ce babu hujjar ci gaba da shari'a. Na je da Nana muka ɗauko Surayya. Ta rame, ta yi shiru irin wanda ban san ta da shi ba. Takabarta ta cika kwana goma sha ɗaya kafin nan. A can ta ƙirga kwanakin, a can ta yi wankan fita.

A mota ta ce, "Kawu, yarana fa?"

Har lokacin yaran na hannun kakarsu. Inno ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Na tura mai unguwa, ya dawo ya ce ta ce ita ba ta san takardar hukuma ba. Wasu suka ce mu kai ƙara kotu. Surayya ta ce ta gaji da kotu. Ta zauna a ɗakin uwarta a Kurfi, ba ta fita ko ƙofar gida, don har lokacin akwai matan da ba su cin abin da ta taɓa.

Na je na yi wa Sa'adiya godiya, da 'yar tiyar gero a hannu don ban da abin da ya fi. Ta ce, "Wata huɗu da rabi tana tsare, Baba Jibril. Da akwai ɗakin gwaji kusa da mu da mai aiki a ciki, da kwana uku ne." Ta sake neman aiki a bana, an buɗe ɗauka, tana jira. An canza wa Sufeto Zaharaddin wurin aiki, ya bar lambarta ga wanda ya gaje shi. Sau biyu an kira ta, sau ɗaya a kan shanun da suka mutu a bakin wani tafki, sau ɗaya a kan wata rijiya. Ta je duka. Munzali har yau dakta yake ce mata, amma da aka kawo sabon magani kasuwa, shi ya ɗauki kwalin ya kai mata gida ta karanta mashi kafin a buɗe.

Mako uku da fitowar Surayya, da hantsi, babur ya tsaya a ƙofar gidan Nana. Maƙwabcin nan ne dattijo na Barkiya, da yaran biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. A bayan babur an ɗaure ƙullin kayansu, da tukunyar Surayya, wadda aka goge da toka. An cika ta da gero an rufe da faifai.

Nana ta ce, "Me Inno ta ce?"

"Ba ta ce komai ba," in ji shi. "Sai dai ta ce ƙaramar, Mubina, tana tari, a riƙa rufe mata ƙirji."

Da aka bugo mani waya na aje allura na tafi makarantar da ƙafa. Na tarar da Sa'adiya a ɗakin malamai tana duba takardun jarrabawa. Na gaya mata.

"Su biyun duka?"

"Duka. Har da tukunyar."

Ta aje jan biron, ta sa hannu ta rufe fuskarta, ta daɗe a haka. Aka kaɗa ƙararrawa. Ta goge ido da gefen hijabi, ta ɗauki alli, ta ce in gaida Surayya, ta shiga aji.